Sabon Toho

Rogon da na dasa a bayan Wara,
kunya goma sha biyu, gab da rafi,
bai cika wata biyu ba ya soma yamutsewa.
Ganye ya yi dabbare-dabbare,
kore a nan, ruwan ɗorawa a can,
kamar farar riga da aka jiƙa tare da zane mai zuba.
Wasu sun nannaɗe, sun ƙanƙance,
kamar yatsun tsohuwa a ruwan alwalar asuba.

Na ɗaga ɗaya na leƙa ƙarƙashi,
ƙananan fararen ƙudaje suka tashi
kamar an hura gari daga tafin hannu.
Ashe su ne 'yan aiken.
Su tsotsa nan, su sauka can,
su ajiye abin da suka ɗauko, babu ko sallama.

Na koma gida na wasa fartanya.
Na ce gobe in tuge, in tara, in cinna wuta,
in zuba wake, kada damina ta bar ni hannu banza.
Gwaggo Ige tana ɓarar gyaɗa a gindin rumbu,
ba ta ko ɗago kai ba:
"Nomau, ana haƙa kabari mai shi yana tari?
Ba shi kwana ashirin."

Na ba shi.
Ba don na yarda ba,
ƙotar fartanyar ce ta tsage.

Ruwa ya ɗan janye, rana ta buɗe ido,
ƙasa ta yi zafin da ke korar mara takalmi.
Wata safiya na bi ta gonar, zan duba koma,
sai ga shi, can a ƙololuwa,
ganye uku sun fito da yatsu a miƙe,
kore shar, babu tabo, babu lanƙwasa.
A ƙasa kuwa tsofaffin na nan yadda suke,
ko ɗaya bai warware ba.
Sama tana murna, ƙasa tana ba da shaida.

Ɗantani malamin gona ya jingine babur,
na ce masa, "Cuta ta tafi!"
Ya murza ganye tsakanin yatsu, ya girgiza kai:
"Ba ta je ko'ina ba.
Tana ciki, tana bin ruwan jikinsa.
Itacen ne ya gane ta.
Ya gutsuri ɗan guntunta ya aika sama,
kamar a kai wa mai gadi kamannin ɓarawo
tun ɓarawon bai iso ƙofa ba.
Duk inda ta buɗe baki, sai a toshe,
sabon toho ya fito a cikin wannan shirun.
Amma kada ka yanki iri a nan ka ba maƙwabci,
sanda ɗaya kan iya tashe ta a sabuwar gona.
Waɗanda suka ƙi miƙewa, su kam cire su."

Na cire bakwai. Na bar saura.

Da ya tafi na zauna a kan kunya,
na tuna takardar asibitin Yauri
da ke ninke a ƙasan akwatina shekara huɗu.
Likita ya ce hantar taka tana da baƙo,
yana kwance, kada ka ba kowa jini,
ka riƙa zuwa muna dubawa.
Tun ranar nake kallon kaina mataccen da bai faɗi ba,
alhali ina noma, ina tuƙa kwalekwale,
ina ɗaukar buhu har bakin mota.

Da muka haƙa, saiwar ba ta kai ta Jabbi ba,
ba zan yi wa rogona ƙarya ba.
Amma ta cika kwando shida da rabi.
Gwaggo Ige ta dafa, ta daka ƙuli da yaji,
ta kai loma, ta tauna a hankali.
Na jira ta ce, "Ban faɗa maka ba?"
Sai ta ce, "Gishiri bai ji ba. Miƙo."